Wuyan Gwaggo Ikilima

Yalwawa, Dutse
Litinin

Zuwa ga 'yata Ruwaida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da kyau, da fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da abokan karatunki a can Ilori. Yaya ruwa? An ce naku ba ya ɗaukewa. Mu nan damina ta yi albarka, gero ya fara fitar da kai, duwatsun bayan gari duk sun yi kore. Malam yana nan lafiya, sai ƙafar nan tasa. Mutanen Garki sun zo suna makon jiya, kowa yana tambayar 'yar marigayi Yaya Maharazu, wai yaushe za ta gama kwas ɗin sa barcin nan ta dawo gida.

Kada ki ga na rubuta da hannu na ɗauki hoto na turo, ki ce Gwaggo ta ƙi kira. Muryar ce. In na yi doguwar magana sai ta dishe, kuma kin san gidanmu, ba inda za ka tsaya da waya wani bai ji ba.

Maƙoƙon nan dai ya ƙi. Shekarun nan hijabi ya rufa mini asiri, ko matan da nake biya wa karatu ba su san girman da ya yi ba. To yanzu ya fara taɓa mini salla. In na yi sujada sai in ji kamar an ɗora mini hannu a wuya, dole in ɗago da wuri. Kwanciya ma sai na jingina da filo biyu. Ranar da na yanke aya a tsakiya don in ja numfashi, a gaban ɗalibai, na ce wa Malam a kai ni asibiti.

An yi hoto, an ɗebi jini, an sa aiki ranar Alhamis ta sama. Talatu maƙwabciyarmu ce za ta yi jinyata. Jiya-jiyan nan aka tura ni wurin likitan sa barci, irin aikinku, Dakta Misbahu. Mutum ne mai ladabi, sai dai layi ya yi masa yawa. Ya sa na buɗe baki, na fito da harshe, na ɗaga kai. Ya ce, “Mama, an taɓa yi miki tiyata?” Na ce ba a taɓa yanka ni ba. Ya ce, “An taɓa sa ki barci?” Na ce an taɓa, kuma na tashi lafiya, alhamdu lillahi. Ya rubuta, ya ce in je.

Kin ga ban yi ƙarya ba. Amma tun da na dawo zuciyata take ɗan sukana, shi ya sa na ce bari in faɗa miki, ke kaɗai. Kin tuna lokacin da kike makarantar nas, aka kai ni wani asibiti saboda wuyan nan, aka dawo da ni aka ce an ɗaga aikin? An sa ni barci a ranar. Da na farka ba a yi komai ba, maƙogwarona kamar an goge shi da tsakuwa, haƙorin gaba ya ɓantare. Da la'asar yaron likitan da ya sa ni barci ya zo bakin gado, idonsa jawur. Ya ce ya yi ta ƙoƙarin sa mini robar numfashi ta ƙi shiga, ba ya ganin hanya, sai ya tsaya ya tashe ni. Ya ce in yafe masa haƙorin. Har cewa ya yi duk inda za a sake sa ni barci in ba da labarin abin da ya faru. Dubi tawali'u, Ruwaida. Yaro yana farkon aikinsa, yana miƙa mini wuyansa in yi ta yawo da sunansa asibiti-asibiti. Na ce masa na yafe duniya da lahira, kuma maganar ta mutu a nan. Malam yana Ringim wurin tafsiri a lokacin, ko shi bai sani ba.

Ki taya ni da addu'a. Zan ba direban nan na Ringim kuka da daddawa ya kawo miki in zai yi kudu.

Gwaggonki,
Ikilima

*

Ilori
Talata

Gwaggo,

Salamu alaikum. Yanzu na fito daga ɗakin tiyata na ga takardarki, zan koma ciki. Na kira sau uku ba ki ɗauka ba.

Ki koma wurin Dakta Misbahu gobe da safe. Ki faɗa masa duk abin da kika faɗa mini, robar da ta ƙi shiga, haƙorin, tashinki da aka yi. Kada ki jira Alhamis. Wallahi Gwaggo wannan ita ce magana mafi girma a duk abin da zai tambaye ki, kuma ita kika ɓoye.

Kada ki yarda a sa ki barci sai ya ji.

Ruwaida

*

Yalwawa
Alhamis

'Yata Ruwaida,

Wa alaikumus salam. Ina fatan kina lafiya, tunda ba ki faɗa ba. Mu ma muna lafiya, tunda ba ki tambaya ba. Malam ya ce a gaishe ki, na ce masa kin amsa.

Na karanta takardarki na ajiye, na sake ɗauka bayan azahar. Ban san na yi laifin da za a yi mini rubutu kamar takardar sammaci ba. Kuma tun kina ƙarama nake hana ki saurin rantsuwa. Kiran da kika yi na gani, ina cikin karatu ne, bayan nan kuma ban ga abin da zan ce da wannan murya ba.

Kin ce na ɓoye. Kalmar ta yi mini nauyi. Bari in gaya miki yadda nake kallon abin, in na yi kuskure Allah Ya yafe mini.

In na je na zauna gaban Dakta Misbahu na ce wani likita ya kasa sa mini roba har ya karya mini haƙori, me na yi? Na ambaci bawan Allah a bayan idonsa da abin da ba zai so ba. Ke kanki kin san sunan wannan a wurinmu, ni na koya miki kina zaune a kan tabarma. Kuma su likitoci sun san juna. Zai ce wane asibiti, wace shekara, kafin in rufe baki ya gane mutumin. Wataƙila yanzu babba ne, yana da iyali, yana da masu ganin girmansa. Ni da na ce masa magana ta mutu, sai in tono ta saboda tsoron raina? In ka ce ka yafe, ai ba ka ajiye abin a gefe don wata rana.

Ban da haka, wancan yaro ne a lokacin. Dakta Misbahu akwai furfura a gemunsa, ya daɗe yana yi. Abin da ya gagari ɗan koyo ba lallai ya gagare shi ba. Ya duba bakina da kansa, bai ce komai ba sai “wuyan ya ɗan cika, amma za mu lallaba.”

Ba na ce ba na jin tsoro ba. Ina ji. Shekaranjiya na shaƙe da ruwan alwala, na daɗe ina tari har Talatu ta leƙo ta katanga. Na raba wa matan makaranta inda kowace za ta ci gaba, na ce babbar ɗalibata Luba ta riƙe su kafin in dawo, sai na ji bakina ya ƙara da “in da rabon dawowa.”

Abin da na gaya miki amana ce. Ba don ki kai gaba na faɗa ba, don in sauke nauyi ne.

Gwaggonki

*

Ilori
Juma'a

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina wuni, yaya jiki, yaya Baba Malam da ƙafa? Ki yi haƙuri da takardar farko. A tsaye na rubuta ta, da safar hannu ɗaya ban cire ba. Ki gaida Inna Talatu da Luba.

Bari in yi miki bayani yadda ya kamata in yi tun farko.

Idan muka sa mutum barcin tiyata, numfashinsa tsayawa yake. Mu muke yi masa, ta robar nan da muke zurawa ta baki zuwa hanyar iska. Tsakanin tsayawar numfashi da shigar roba lokaci ne kaɗan ƙwarai. Ƙarfen da aka saba amfani da shi lanƙwasasshe ne kamar bakin lauje marar kaifi, da 'yar fitila a kai. Da shi ake danne harshe, likita ya sunkuya ya leƙa da idonsa. Mafi yawan mutane ana hango ƙofar. Wasu kuwa, yadda Allah Ya yi wuyansu, ƙofar tana can sama a ɓoye, ko ka shekara kana leƙe ba za ka gan ta ba. Ba furfura ke gani ba, Gwaggo. Kuma duba baki daga waje ba ya nuna duka. Babbar alamar da muke da ita ita ce a ce an taɓa gwadawa ya gagara.

Yanzu akwai wani ƙarfen mai 'yar kyamara a bakinsa. Shi yake zagaya bayan harshe ya haska, hoton ya fito a gilashi kamar na waya, kowa a ɗakin yana gani. Inda ido ba ya kaiwa shi yana kaiwa. Na san akwai guda ɗaya a asibitin da za a yi miki aikin, na gan shi lokacin da na yi aiki a wurin. Amma guda ɗaya ne tal, yana yawo tsakanin ɗakin haihuwa da ɗakin masu jinya mai tsanani. Sai an nema tun da wuri, an wanke, an yi caji. In Dakta Misbahu bai san tarihinki ba, zai iya shiga da tsohon ƙarfe, yana ganin in ya gagara ya aika a kawo. To a wancan karon maƙoƙon ƙarami ne, shi ya sa aka samu aka tashe ki. Yanzu da yake danne ki ko kina farke, in jikinki ya saki ban san ko za a samu wannan damar ba.

Ba sai kin faɗi sunan kowa ba. Ki faɗi abin da wuyanki ya yi kawai.

Ke kika riƙe ni tun rasuwar Baba, ban taɓa tsallake maganarki ba. Amma in Talata ta yi ba ki je ba, zan nemi lambar Dakta Misbahu in kira shi da kaina. Gara ki yi fushi da ni kina raye.

'Yarki,
Ruwaida

*

Yalwawa
Asabar

Ruwaida,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya.

Na ji bayanin ƙarfe, Allah Ya ƙara ilimi. Na karanta wa Talatu wannan wurin kaɗai, ta ce ita dai kada a nuna tuwon da mutum ya ci jiya a talabijin.

Sauran maganar kuma na gane. Za ki kira mutumin da na kalli idonsa na ce na tashi lafiya, ki ce masa gwaggonki tsohuwar malama ta yi masa rufa-rufa. Za ki ɗauki abin da na ba ki a rufe ki buɗe. In kin yi, kin yi. Ba zan yi miki baki ba, Allah Ya kiyaye. Amma ban san wa zan sake gaya wa abin da ke raina ba.

Kukar tana wurin direba.

Ikilima

*

Ilori
Talata

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin tashi lafiya. Kuka da daddawa sun iso, na gode, Allah Ya saka. Na buɗe ƙullin na ji ƙanshin ɗakinki, sai da na zauna.

Tun Asabar wayarki a kashe. Na kira Baba Malam ya ce kina nan, kin dai rage magana, kullum kina kan sallaya. Ban gaya masa komai ba. Lambar Dakta Misbahu tana wayata tun Lahadi. Na buɗe ta ban san iyaka ba, ban danna ba. Yau ce Talatar da na ce, kuma na kasa. Don haka na roƙi Inna Talatu ta kai miki wannan a wayarta, ta tsaya har ki karanta.

Ba zan ja da ke a kan hukunci ba, ke kika san shi. Labari zan ba ki, wanda ban yi niyyar ba kowa ba.

Watan jiya aka kawo mana wani dattijo, Bahaushe mai sayar da goro a nan kasuwa, za a yi masa aikin ƙaba. Da ya ji ina Hausa ya yi ta murna, yana ce mini 'yar gida. Ni aka ba shi, malamina yana tsaye a bayana. Na sa shi barci, na leƙa, ban ga komai ba sai jan nama. Na sake. Malamina ya karɓa, shi ma haka. Namu mai kyamarar yana wani ɗaki ana aiki da shi. Na'urar da ke auna iskar jini ta fara sauka, kukanta yana canjawa, leɓen mutumin ya fara duhu. Malamina ya ce a tsaya, a tashe shi. Muka yi ta matsa masa iska ta fuska har ya dawo. Da muka fito malamina ya ce mini, yau kin koyi abin da ya fi sa roba, kin koyi inda ake tsayawa. Ya ce masu taurin kai da suke cewa bari in ƙara gwadawa sau ɗaya, su suke fitar da gawa.

Na je bakin gadonsa na ba shi haƙuri, don leɓensa ya fashe. Na ce, Baba, don Allah duk inda za a sa ka barci ka faɗi abin da ya faru yau. Kin san abin da ya ce? Ya dafa hannuna ya ce, “Haba 'yar gida, ba wanda zai ji. Asirinki a rufe.” Na ce ba haka nake nufi ba, na yi ta bayani, yana ta murmushi yana cewa ba komai. Aka ba shi takarda, na ga ya naɗe ta ya cusa a hula. Ranar da aka sa masa ya dawo bai dawo ba. An ce ya tafi gida.

Gwaggo, tun ranar ban huta ba. Wata rana ƙabar za ta murɗe, a kai shi wani ƙaramin asibiti da gaggawa, a tambaye shi, ya ce ya tashi lafiya, don ya rufa wa 'yar gida asiri. Ni ban roƙe shi sutura ba. Abu ɗaya na roƙe shi, shi ne kuma ya hana ni saboda kirki.

Yaron likitanki ba wuyansa ya miƙa miki ba. Ya tsaya a inda ake tsayawa, ya dawo mana da ke, sannan ya ba ki saƙo ki kai wa na gaba da shi. Saƙon yana hannunki har yau. In wani abu ya same ki ranar Alhamis labari zai kai masa, irin wannan ba ya ɓuya a tsakaninmu. Ki duba me zai ɗauka.

Ba zan kira ba. Na bar miki. Gobe za a kwantar da ke, ina nan riƙe da waya.

'Yarki,
Ruwaida

*

Ɗakin mata, asibiti
Laraba da yamma

'Yata Ruwaida,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina kuma ba ki haƙurin kashe waya. Tsoro nake kada ki kira in ji muryarki in faɗi abin da ba shi ke nan ba. A kan gwiwata nake rubutu, ki yi haƙuri da karkacewar layi.

Talatu ta kawo mini takardarki ta tsaya a kaina kamar mai karɓar haraji. Na karanta. Dattijon nan mai goro ya tsaya mini a rai. Na ji haushinsa, Ruwaida, har na ce a zuci wannan wane irin mutum ne, yarinya tana roƙonsa yana mata murmushi. Sai na ji kunya ta rufe ni. Ban taɓa kallon maganar a matsayin saƙo ba. Wanda aka ba saƙo ya riƙe, shi ma ai akwai sunansa a wurinmu.

Duk da haka da Dakta Misbahu ya shigo zagaye da hantsi bakina ya yi nauyi. Ya duba takarduna, ya ce kada in ci komai bayan isha, ya juya zai wuce gado na gaba. Har ya kai ƙofa. Talatu ta taka mini ƙafa, ita da ba ta san komai ba, ta dai ga ina ta motsa baki. Na ce, “Likita, akwai saƙon da aka ba ni in ba ka, na yi jinkiri.” Ya dawo. Na ce kafin in faɗa, ina so ya sani wanda ya ba ni saƙon mutumin kirki ne, kuma ba zan faɗi sunansa ko garin ba. Ya ce bai tambaya ba. Na faɗa masa duka, na nuna masa haƙorin.

Ya ja kujera ya zauna. Ya kalli wuyana. Sannan ya ce, “Mama, kin san da wane ƙarfe na yi niyyar shiga gobe?” Ya ce, “Wanda ya tashe ki, Allah Ya yi masa albarka.” Ko kalma ɗaya ta zargi bai yi ba, a kaina ko a kan yaron.

Aka aika neman mai kyamarar. Aka ce yana ɗakin haihuwa, akwai wata mata a kan gado. Muka yi ta jira har bayan azahar, ina ta yi wa matar addu'a ina yi wa kaina. Da aka kawo, ya ce zai leƙa ina farke, ya ga abin da zai tarar gobe. Ya fesa mini wani magani mai ɗaci, harshena ya yi nauyi kamar ba nawa ba. Na tambaye shi ko hoton zai fita waje, ya ce daga shi sai masu taya shi. Talatu ta ce, “To a dai rufe tuwon.” Har nas ɗin ta yi dariya.

Ba daɗi, kada in yi miki ƙarya. Na yi yunƙurin amai, hawaye suka zubo. Ya ce in ja numfashi, in ce “eee.” Da ya cire sai ya juyo mini da gilashin ya maimaita hoton.

Ruwaida, shekara nawa ina koya wa mata mafitar haruffa, ina dafa wuyana ina cewa ha ƙarami daga tsakiyar maƙogwaro yake fita, harafin an baki wofi ma haka. Ban taɓa zaton zan ga wurin da idona ba. Wasu 'yan farare ne guda biyu, sirara, kamar bakin ƙofar da aka sakaya. In na ja numfashi su buɗe, in na yi sauti su haɗu. Duk karatun da na yi tun ina riƙe da allo a Garki ta wannan 'yar kafa ya bi. Kuma ba a tsakiya take ba. Maƙoƙon ya ture ta gefe, ta maƙale can sama. Ya sa yatsa a gilashin ya ce, “Kin ga inda take? Da ido ba za a same ta ba.”

Ya ce gobe ba zai sa ni barci ba sai robar ta shiga. Zai sake fesa maganin, ya ba ni abin da zai kwantar mini da hankali kaɗan, ya sa ƙaramar roba ina numfashi da kaina, yana kallon gilashin. Ya ce na'urar za ta kwana a ɗakin tiyata, an rubuta sunana a jiki, sai dai in gaggawa ta taso a ɗakin haihuwa, to sai a jira, ba za a fara ba sai da ita. Ya kuma ce ko da ita aikin ba ƙarami ba ne, kuma muryar tana iya taɓuwa.

Ina jin tsoro fiye da jiya, don yanzu na ga ƙanƙantar wurin. Na gaya wa Malam komai da ya zo. Ya ce, “Shekara da shekaru ina zaton ƙashi kika tauna.”

In ban tashi ba, ki yafe mini takardar Asabar. Alƙur'anina mai jar fata naki ne.

Gwaggonki,
Ikilima

*

Ɗakin mata
Lahadi

'Yata Ruwaida,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, yaya karatu, yaya ruwa? Na san Talatu ta kira ki tun ranar tana kuka tana dariya, ta ce kin zauna a ƙasa a barandar asibitinku. Amma na ce sai na rubuta da hannuna.

An jinkirta mu har rana ta ɗaga, na'urar ta sake tafiya ɗakin haihuwa. Ina kwance ina kallon silin, ba wanda ya ce a fara. Da ta dawo aka yi yadda ya faɗa. Ina jin muryarsa yana cewa, “Ga ta can, a hankali, Mama ja numfashi.” Na ji abu ya wuce, na so in yi tari, daga nan ban san komai ba. Ya ce ko da kyamarar sai a karo na biyu ta shiga. Da aka gama ya sake leƙawa kafin in farka sosai, ya ga fararen nan biyu duk suna motsi.

Wuyan a naɗe yake, haɗiya da zafi. Muryar kamar ta mai raɗa, ya ce in ba ta lokaci, bai yi mini alkawari ba. A zaune nake salla tukuna. Amma jiya na kwanta a bayana ba filo, na ja numfashi har ƙasa, ba hannun kowa a wuyana.

Ya ce daga yau duk asibitin da na shiga, ko haƙori za a cire, in ba da labarin nan tun daga farko. Na ce in sha Allahu. Na riga na fara da matar gadon kusa da ni, da raɗa.

Ki nemi mai goron nan. 'Yan goro sun san juna, ki je kasuwar ki tambayi garinsu. In an samu lambar wani nasa ki turo mini. Ke yarinya ce a idonsa, zai yi ta miki murmushi. Ni zan san yadda zan gaya masa.

Sai abu na ƙarshe. Kwanan nan ina ta tunanin yaron nan a bakin gadona da jajayen idanu. Na ce masa na yafe, na ga kamar na yi masa alheri, ya tafi da wannan. Ban ce masa na gode ba. Ku masu wannan aiki kuna haɗuwa a tarurrukanku, ki tambaya mini. Dogo ne, siriri, yana ɗan in'ina in ya ruɗe, ya ce mini shi mutumin Ringim ne. In kin same shi ki ce matar da ya tasa tana gaishe shi, saƙonsa ya isa, ko da yake ya daɗe a hanya.

Sunansa Abdulwahab.

Gwaggonki,
Ikilima